Matakala goma sha ɗaya

Ina da shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni, a wani ƙauye da ke bayan Mirya. Ni ban tuna zazzaɓin ba. Abin da aka gaya mini shi ne na kwana uku jikina kamar garwashi, a rana ta huɗu na yunƙura zan bi yara waje, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Tun daga ranar ban sake tsayawa a kansu ba. Mutanen gari suka ce shan inna ne. Aka yi turare, aka yi rubutu na sha, aka yanka abin da aka ce a yanka. Sai da na girma na san cewa ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta kai ga jijiya ta kashe ƙafa, kuma da an yi mini ɗigon rigakafin nan da ake sa wa yara a baki da wataƙila na tsira. Ranar da rediyo ta faɗa a 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, na yi hamdala saboda yaran da za a haifa, sannan na daɗe ina kallon ƙafafuna ban ce komai ba.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi: ba ta kiran sunana, ba ta yi mini wasa a gaban mutane, in za ta ba ni abinci sai ta ce da ƙanwarta, «Miƙa wa yaron nan.» Kunyar ɗan fari ce, kuma ta riƙe ta da gaske. Na faɗi wannan tun yanzu don a gane nauyin abin da ta yi daga baya.

Mahaifina ya rasu ina da shekara bakwai, muka dawo Damagaram gidan kawuna, cikin Birni. Kawu ne ya dage a sa ni lakwal, duk da masu cewa me gurgu zai yi da boko. Da rarrafe nake zuwa. Nakan sa silifa a hannu biyu, in ɗaure tsumma a gwiwa, in rataya jakar allo a wuya. Wanda ya san lungunan Birni ya san yashi da tsakuwa da duwatsun da suka fito daga ƙasa kamar an dasa su. Da bazara, in aka tashi da tsakar rana, ƙasa takan yi zafin da silifa kanta ke laushi. Amma ina son karatu, kuma malaminmu, Allah ya saka masa, ya ajiye ni a layin gaba, bai taɓa rage mini tambaya don tausayi ba.

A shekara ta 2000 na kai ajin jarrabawar satifika. Aka ce kowa ya kawo takardar haihuwa. Ni a ɗaki aka haife ni, a ƙauyen da ba a rubuta haihuwa, don haka sai an nemo takardar da ke maye gurbinta. Kawu ya tafi ci-rani Kano. Ya rage daga ni sai Inna.

Ofishin da aka tura mu a saman bene yake. Mun isa da hantsi, ni a ƙasa, ita tana tafe a bayana tana tare mini masu babur. Mai gadin ƙofa ya dube mu, bai tambayi abin da ya kawo mu ba, ya ce, «Yau ba Juma'a ba ce, ku dawo ran Juma'a.» Wani mutum da ke fitowa da takardu a hammata ya laluba aljihu ya jefo mini dala biyar a cinya, ya wuce. Har yau ina ganin kuɗin nan, yadda ya gangara daga cinyata ya faɗa cikin ƙura. Inna ba ta ɗauka ba, ni ma ban ɗauka ba. Ta ce wa mai gadin, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, «Malam, ba bara muka zo ba. Takarda muka zo nema.»

Ya nuna mana matakala. Ta tsaya ta dube ta, ta dube ni. Sai ta kwance mayafinta, ta durƙusa, ta ce, «Hau.» Ina da shekara goma sha uku. Matar da ba ta iya faɗin sunana a gaban ƙawayenta, ta goya ni a gaban maza cike da farfajiya. Na kifa fuskata a wuyanta don kada in ga idon kowa, ina jin numfashinta yana sarƙewa, ina ƙirga matakalar a zuci. Goma sha ɗaya ne.

A sama, ma'aikacin bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da ita ya yi magana, rabi Hausa rabi Faransanci, ita kuwa ba ta jin Faransanci, ni da nake ji ba a tambaye ni ba. Ya ce sai da shaidu biyu. Muka sauko. Bayan mako guda muka koma da shaidu, ta sake goya ni, aka ce kan sarkin da muka saya ba shi ne ba. Zuwa na uku aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kafin ya dawo an rufe karɓar sunayen masu jarrabawa. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya kore mu. Kowa ya yi abin da yake ganin shi ne aikinsa, mu ne dai ba mu cikin aikin kowa.

Malaminmu ya ce in maimaita ajin. Na ƙi. Wannan shawara tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba, kuma ita ce na fi nadama a rayuwata. Zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce in dai sai an goya ni kafin in sami haƙƙina, to na yafe. Inna ta yi kuka, na kawar da kai.

Na yi shekara biyu ina bara. Ba na ɓoye wannan, kuma ba na yarda a raina masu yinta a gabana, domin na san ƙofofin da aka rufe musu kafin su miƙa hannu. Ran Juma'a mukan jeru a hanyar masallaci, guragu a gefe, makafi da 'yan jagoransu a gefe, kowace ƙungiya da sarkinta kamar yadda aka gada tun da. A nan na ga zumuncin da ban gani a wani wuri ba: in ɗaya ya kwanta ciwo, a haɗa masa kuɗi, in ya rasu, a yi masa sutura. Amma kullum na dawo gida na zube kuɗin a gaban Inna, sai ta tura su gefe da bayan hannu, ta ce in ba ƙannena. Ba ta taɓa sayen ko gishiri da su ba.

Wani tsohon baduku a unguwarmu ne ya fitar da ni. Damagaram garin aikin fata ne, shi kuma ya ce aikinsu na zaune ne, ƙafa ba ta da aiki a ciki. Na koyi yankan fata, ɗinkin jaka da kube da takalmi. Da kuɗin dukanci na sayi keken guragu na hannu, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ranar da na fara hawansa na je har kasuwar Dole na dawo ba tare da tafin hannuna ya taɓa ƙasa ba. Da dare kuma na koma karatun yamma, na gyara Faransancina.

A taron ƙungiyar naƙasassu na fara jin abin da ya hana ni barci. Wani makaho mai ilimi ya tashi ya yi bayani cewa tun 1993 Nijar take da dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta yi magana a kan lafiyarsu da karatunsu da aikinsu, har ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ya ce a 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Na yi lissafi a zuciyata. Ashe ranar da Inna ta goya ni, dokar nan tana da shekara bakwai da fitowa. Tana nan a rubuce a Yamai, mu kuma muna ƙasan matakala a Damagaram, kuma babu mutum ɗaya tsakaninmu da ita da zai ce mana ga ta.

A 2014 Inna ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Na sa aka ɗauke ta a kabu-kabu, ƙanena ya riƙe ta, ni ina biye da kekena, muka je wani asibiti. A nan ne na ji zafin naƙasata fiye da kowace rana. Ana ce mana ku je can ku yanki takarda, ku dawo nan, ku je can a ɗebi jini, kuma kowane ɗaki da tudunsa a bakin ƙofa. Ita ta goya ni sau uku, ni ban iya ko tallafa mata ta miƙe ba. Wani saurayi mai share-share ya gan mu, ya ajiye tsintsiyarsa, ya nemo keken marasa lafiya, ya zaga da mu ko'ina har aka ba ta gado. Na yi masa addu'a har muryata ta shaƙe. Washegari na neme shi, aka ce ranar hutunsa ce. Muka koma yadda muke jiya da safe, ba mai ce mana ga hanya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da na gane a ranar shi ne, alherin mutumin kirki yana zuwa ne ranar da yake nan kuma yake da sarari, mai buƙata kuwa kullum yana nan.

Ta rasu bayan kwana tara. Daren da za ta cika, ta kira sunana. Sau ɗaya ke nan a rayuwata na ji shi a bakinta.

Bayan arba'in na kasa zama a rumfar dukanci. Na fara zuwa bakin wani ofishin da jama'a ke neman takardu, ina ajiye kekena ƙarƙashin bedi, daga safe zuwa azahar. Ba wanda ya sa ni. In na ga makaho yana lalube, ko kurma yana nuna takarda ana ɗaga masa murya kamar ƙarar za ta buɗe kunnen, sai in matsa in ce, «Baba, me ake nema?» In karanta masa abin da aka liƙa a bango, in gaya masa abin da zai kawo tun kafin ya ɓata kuɗin mota sau uku. Masu gadi suka ɗauke ni ɗan kamasho, sau biyu ana korata. Na ci gaba da zuwa. Ban taɓa karɓar ko dala ɗaya ba, domin na san ranar da na karɓa, zancensu ya tabbata.

Na shekara kusan huɗu a haka. Sai aka kawo wani sabon shugaba, wanda ya riƙa ganina kullum in zai shiga. Wata rana ya tsaya ya tambaye ni abin da nake yi. Na nuna masa littafin da nake rubuta duk wanda na taimaka da abin da ya hana shi samun biyan buƙata. Ya karɓa ya tafi da shi. Bayan kwana biyu ya kira ni, shi ya sauko, ba ni na hau ba. A lokacin an fitar da sabuwar doka ta 2019 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin ƙasa, ƙungiyarmu ma tana ta matsa lamba. Aka yi yarjejeniya tsakaninsu. Aka ba ni tebur da kujera biyu a ƙasa, kusa da ƙofar shiga, aka rubuta a allo cewa nan ne wurin tarbar masu buƙata ta musamman, aka yanka mini ɗan alawus.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Duk mai naƙasa da ya shigo, wurina zai fara zuwa. In ji buƙatarsa, in duba takardunsa, in cike masa abin cikewa, in karanta masa kafin ya sa hannu. In abin na sama ne, takardar ce ke hawa, ko ma'aikacin ya sauko. Mutum ba ya hawa a bayan kowa. Wannan shi ne sharaɗin da na roƙa tun ranar farko. In buƙatarsa ba ta gidanmu ba ce, in rubuta masa inda zai je da wanda zai tambaya, in buga waya in ce ga shi nan tafe. Bambancin da ke tsakanin zamana a gindin bedi da zamana a teburin nan shi ne, da roƙo nake yi, yanzu kuwa in na miƙa takarda aiki na miƙa, kuma in ta kwana akwai mai tambayar dalili.

Kurame ne suka fi ba ni wahala, kuma su suka fi koya mini. Da yawansu sanƙarau ne ya tafi da jinsu suna yara, ciwon da ya sha yi wa yankinmu ɓarna lokacin zafi da ƙura. Na ɗauka maganar hannu ɗaya ce, ashe ba haka ba. Wanda ya yi makarantar kurame yana da alamunsa, waɗanda asalinsu daga Amurka suke, wanda ya tashi a ƙauye kuma da maganar hannun da ya gada a gida da kasuwa. Na shekara ina zuwa fadarsu da yamma, suna shan shayi suna gyara mini hannu, har na iya abin da zan fahimci mai neman takardar aure da mai neman ta gado.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani dattijo daga Kara-Kara ya zo, unguwar da tun asali aka ware wa kutare a bayan gari. Ya warke da daɗewa. Maganin kuturta kyauta ake ba da shi, wata shida ne ko shekara, kuma wanda ya sha ba ya sa wa kowa. Amma yatsun da suka tafi ba sa dawowa. Takardarsa tana buƙatar dangwale. Ya ciro hannayensa daga cikin riga a hankali, ya ɗora su a kan teburina, dungu biyu masu sheƙi, fatar ta tsattsage saboda hunturu. Ya ce, «Ɗana, sau biyu ana mayar da ni saboda waɗannan.» Zan faɗi gaskiya: na ji jikina ya ja baya. Ni da aka jefa wa dala biyar, ni da na san komai game da maganin, sai da zuciyata ta yi ƙyama kafin hankalina ya dawo. Ya gani, domin irinsu ba abin da ke wuce idonsu, ya fara janye hannun. Na kamo shi da hannuna biyu na riƙe. Yana da ɗumi kamar na kowa. Na aika aka kira shugaban sashen, aka rubuta a takardar cewa dangwale ba zai yiwu ba, shaidu suka sa hannu. Abin bai ɗauki rabin awa ba. Da zai tafi bai yi mini godiyar takarda ba, ya ce, «Rabon da baƙo ya riƙe hannuna na manta.»

Na kuma yi kuskuren da aka yi mini. Wata makauniya ta zo da jikanta yana jan sandarta, na juya ina tambayar yaron, me take so, shekarunta nawa. Ta buga sandar a ƙasa ta ce, «Malam, idona ne ya mutu, bakina yana nan.» Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba ta haƙuri, ta yafe. Tun ranar, ko da mutum goma suka rako shi, mai buƙatar nake fuskanta in yi wa sallama.

Kada a ɗauka komai ya gyaru. Alawus ɗin yakan yi wata uku bai fito ba, dukanci ne ke ciyar da iyalina har yanzu, da dare nake yinsa. Akwai abokan aikin da ke ganin ina sa mutanena tsallake layi, sai na yi ta bayani cewa wanda ya zo da rarrafe daga tasha ya riga ya yi layinsa a hanya. Gangaren siminti da aka yi a ƙofa ya yi tsayi da yawa, in ba a tura ka ba keke baya yake komawa. Kashi 5 ɗin nan na doka kuwa, in ka zaga ma'aikatu kana nema, sai ka yi haƙuri. Ƙidayar 2012 ta sami naƙasassu fiye da dubu 700 a Nijar, kuma mafi yawan mutanen ƙasar nan a karkara suke. Wanda ke Tanut ko Gure ko ƙauyukan Magarya, tebur ɗaya a cikin Damagaram bai san da shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne kujerar a kaina take tsaye, ba a kan doka ba. Bara na yi jinyar mako uku, na dawo na tarar an ɗora tulin tsofaffin takardu a teburin. In aka canja shugaba gobe, ban san abin da sabon zai ce ba. Ina so a mayar da ita gurbin aiki na dindindin, mai albashi, wanda in na mutu za a nemi wani a zaunar. Ina kuma roƙon a ƙara mace, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai matan da ke zuwa su zauna a gabana su yi shiru, in san akwai magana, amma ba ni za a gaya wa ba.

Makon jiya, wajen ƙarfe tara, wata mata ta shigo da yarinya goye a bayanta, yarinyar ta kai shekara goma sha biyu, ƙafafunta suna reto har gwiwar uwar. Daga wajen Takeita suka zo. Na ga ta nufi matakala kai tsaye, ta tsaya tana gyara ɗaurin zane. Na ɗaga murya na ce, «Baiwar Allah, nan za ki zo. Sauke ta a kujera.» Ta yi jim, ta ce an gaya mata a sama ake yi. Na ce a sama ake yi, amma takardar ce za ta hau. Na tambayi yarinyar sunanta da ajinta, ta amsa da kanta, a hankali, tana kallon kekena da ke jingine. Ajin ƙarshe take na firamare, takardar haihuwa ake nema. Shaidu ba su zo da su ba, na rubuta wa uwar abin da za ta kawo duka a takarda ɗaya, na karanta mata sau biyu, na ce ba sai ta sake wahalar da yarinyar ba. Ran Talata za ta dawo. Na riga na gaya wa mai sa hannu, ya ce yana gari.